Yadda ake bin tarihin unguwa da ƙafa a Zariya

Idan ɗalibi ya zo mini da aikin rubuta tarihin unguwa, nakan ce masa ya ajiye biro tukuna, ya sa takalmi.

Ka fara da titi, ɗana. Gida ana rushe shi a sake wani, amma da wuya titi ya gusa daga inda aka shata shi. Ka shiga Birni ta Ƙofar Doka, za ka ga lungu yana ta lanƙwasa, domin a can gida ne ya riga hanya: uba ya kafa zaure, 'ya'ya suka yi ta ƙara ɗakuna, hanya ta bi abin da aka bar mata. Ka dawo Sabon Gari ka ga layuka miƙe sambal, filaye kusan kai ɗaya. A nan an zana a takarda kafin a aza tubali.

Wannan tsari daga Ingila ya taso. A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, masaƙu da jirgin ƙasa sun cika Landan da Mancesta da ma'aikata, kwalara kuma ta yi ta ɗibar mutane. A 1875 aka yi dokar lafiyar jama'a da ta ba hukumomin gari ikon ƙayyade faɗin titi da magudanar ruwa da sararin bayan gida. Sai aka yi ta jera gidajen jan bulo manne da juna, a bayan jeri da yawa kuma akwai siririn lungu da masu kwasar najasa ke bi da dare. Turawa sun kama Zariya a 1902, shekara guda da rasuwar Biktoriya, da wannan tunani a kansu. Saboda haka ka zagaya bayan tsoffin gidajen Sabon Gari ka nemi irin wannan lungu. Wani wurin an toshe shi da shago, wani ya koma kwata, amma inda ka ga ƙaramar kafa a ƙasan katanga an liƙe ta da siminti, to ta nan ake zaro bokitin najasa a da. Ni wannan kafa ta fi mini allon da aka rubuta shekara a kai.

Daga nan ka tambayi abin da ya tara mutane a wurin. A Sabon Gari dogo ne, wanda ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, ya jawo ma'aikata daga Kudu da kantuna da cinikin auduga da gyaɗa. Ka kuma auna tazarar da aka bari tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Tsarin Gwamna Lugga ya nemi fili na yadi 440 babu gini, wai don sauro. Wariya ce aka sa wa rigar lafiya, kuma ya kamata ka rubuta hakan.

Sannan ka taɓa bango. Azara, zanko, indararo, makuba, kowanne yana da zamaninsa, haka kwano da bulo. Kada ka ɗauka ginin ƙasa koma baya ne: lokacin da Biktoriya ke hawa gadon sarauta, Sarki Abdulkarim ke mulkin Zazzau, kuma a zamaninsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da bakunan da masana gini ke zuwa kallo har yau.

Tsofaffi kuwa, ka bi ta hannun mai unguwa, ka riƙa goro, ka je bayan la'asar. Kada ka ce, "Baba, a wace shekara?" Ka ce, "Baba, wane sarki ke kan gado lokacin da kuka tare a nan?" Zamanin Ja'afaru ne ko na Aminu, kai ka mayar da shi shekara daga baya. Ka roƙi iso wajen tsoffin mata ma, su suka san rijiyar da aka cike da gidan da aka raba gado.

Abin da ka ji, ka kai shi ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ka nemi tsoffin taswirori da rahoton Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, ka gwada da abin da ƙafarka ta taka. Inda suka saɓa, ka rubuta duka biyun.