Masu jan kaya da a-kori-kura a hawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga masu ɗaura wa Hilux tirela suna jan masara daga wajen Doguwa da Riruwai, inda hanya ke da hawa.

Kafin ka kai gindin hawa, sauko giya ta biyu tun motar tana da ƙarfinta. Kada ka bari sai inji ya fara kakari sannan ka nemi canji, a nan ne kuloci ke ƙonewa. Ni ma na taɓa jin wannan ƙaurin a tsakiyar hawa, da buhu 15 a baya, yaron mota na ta neman dutsen da zai tare taya.

Lodi ma da muhimmanci. Buhunan su fi yawa gaban gatarin tirelar kaɗan, domin in nauyi ya koma baya, tirelar za ta riƙa kaɗa wutsiya tana ɗage bayan motar.

A wanke lagireto, a kakkaɓe filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta. Kashe AC a hawa. In allurar zafi ta haura, tsaya gefe, kuma don Allah kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa.

Gangara kuwa, da giyar da ka hau za ka sauka, kada birki ya yi zafi.