Babi na 6: Gyaran Fuska ga Mace Mai Manyan Shekaru

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu koyi yadda macen da ta haura shekara 50 za ta kula da fatar fuskarta, ta yi kwalliya ta fito fes. Kowacce ta ajiye madubi kusa, da tawul mai tsabta, da man da take shafawa. Wadda karatu bai zauna mata ba tukuna ta bi layi-layi da yatsa, babu gaggawa.

Darasi na 1: Wanke fuska da shafa mai

Idan mace ta daina al'ada, maiƙon fatarta yakan ragu, ta riƙa bushewa da wuri. Akwai wani sinadari a cikin fata mai suna kolajin, shi ke riƙe ta ta tsaya da kyau. A shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada, mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na wannan sinadari. Daga nan tamoji ke fara fitowa a goshi da gefen ido da gefen baki.

Ki wanke fuska safe da dare da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan zafi yana ƙara busar da ita. Ki nemi sabulu mai sauƙi wanda ba shi da ƙamshi sosai, ki cuɗa da tafin yatsu kawai. Soso na jiki ne, kada ya hau fuska. Idan kin ɗauraye, ki daddanna tawul a hankali, kada ki goge da ƙarfi.

Yanzu ga wurin da kusan kowa ke kuskure, don haka ku nutsu: ki shafa mai tun fatar tana da danshi.

Me ake nufi da danshi? Ki taɓa kumatunki da bayan hannu. Idan ruwa na ɗiga, ki ƙara danna tawul sau ɗaya. Idan kin ji sanyi-sanyi amma ruwa ba ya bin hannunki, to wannan ne danshi, kuma lokacin shafa mai ya yi. Aikin mai shi ne ya riƙe ruwan da ke kan fata kada ya tsere. Idan kin bari ta bushe ƙayau, me man zai riƙe?

Na sha ganin mata a aji suna wanke fuska, sai su tashi neman kwalbar mai a jaka, ko su tsaya hira, kafin su dawo fuska ta yi fari fat. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ki buɗe kwalbar ki ajiye ta gefenki tun kafin ki taɓa ruwa. Ki wanke, ki danna tawul, ki shafa mai nan take. Ki lakato kaɗan a kan yatsa, ki ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, ki murza zuwa sama. Wuya ma ya samu rabonsa. Idan yau kin manta, ba komai, ki sake jiƙa fuskar ki fara daga farko. Hannu zai saba.

Darasi na 2: Karanta jikin kwalba

Rana tana cikin manyan abubuwan da ke tsofar da fata. Baƙar fata ma ba ta tsira ba, a kanta ne tabo mai duhu ya fi fitowa ya daɗe. Akwai man kariya daga rana. Ki duba jikin kwalbarsa, za ki ga manyan haruffa uku a jere: S, P, F. Bayansu akwai lamba mai nuna ƙarfin kariyar man. Ki zaɓi mai lamba 30 ko sama da haka. Idan kin ga 15, ya yi kaɗan. Ana shafa shi da safe, a bayan man farko, wanda kika shafa tun fata tana da danshi. Idan za ki daɗe a rana, ki ƙara bayan kowace awa 2.

Ki kuma nemi haruffan E, X, P. Kwanan watan da ke gabansu shi ne ranar da man zai lalace. Wasu kwalabe kuma suna da ɗan hoton gwangwani da murfi a buɗe, an rubuta 6M ko 12M. Wato wata 6 ko wata 12 daga ranar da kika fara buɗewa. Ki rubuta ranar a jikin murfin da biro, kin ga kin yi aikin rubutu ma.

Sabon mai kuwa, ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin hannunki kusa da gwiwar hannu, ki jira kwana 2. Idan ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, kada ya kusanci fuskarki.

Darasi na 3: Man bilicin

A nan ba zan yi muku rarrashi ba. Mace da jikokinta ta riƙa ɓoye kwalbar bilicin tana cewa man gyara ne, wa kike yaudara? Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin yana lalata ƙoda. Wasu kuma suna da maganin da ke sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana. Ƙarshenta kumatu su ƙone, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, fuskar da ake so ta koma ta yarinya ta fi da tsufa. Na faɗa, na maimaita, har yanzu ina ganin alamarsa a hannuwan wasunku. Ku daina. Wadda ta daɗe tana shafawa ta je ta ga likitan fata ya nuna mata yadda za ta rabu da shi.

Darasi na 4: Fandeshan da hoda

Kin wanke, kin shafa mai da danshi, kin sa na rana. Ki jira minti 5 su shiga jiki. Fandeshan, wato man da ake shafawa kafin hoda don daidaita launin fuska, mai ruwa-ruwa ya fi dacewa da ke, kuma launinsa ya zo daidai da na wuyanki. Ki gwada a gefen muƙamuƙi, a wurin haske. Ki sa kaɗan inda tabo yake. Hoda a goshi da hanci kawai, domin idan ta yi yawa takan kwanta cikin tamoji ta ƙara fito da su. Idan kin ga kwalliya ta tsattsage bayan awa ɗaya, ki tambayi kanki ko fatar ta bushe kafin ki shafa mai.

Darasi na 5: Ido da baki

Jagira mai ruwan ƙasa ta fi baƙa wuluk taushi a fuska. Ki ja ƙananan layuka, ki bi gashin girar. Gazal siriri a saman ido ya isa. Maskara, wato abin da ake shafa wa gashin ido, a canza ta bayan wata 3, kuma ba a aronta. Ki sa ɗan mai a leɓe kafin jan baki.

Darasi na 6: Da dare

Kada ki kwana da kwalliya. Ki wanke, ki danna tawul, ki shafa mai da danshi.

Aikin gida: ki kwafi lambar SPF da kwanan watan da ke jikin kwalbarki a littafinki, ki zo da kwalbar aji na gaba.