Kurakuran da aka fi yi wajen bibiya da auna ayyukan raya ƙasa

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a tsunduma cikin aiki ba tare da an ware wasu garuruwan da za a riƙa kwatantawa da su ba. Shirin Ƙauyukan Millennium, wani shirin yaƙi da talauci a ƙauyukan Afirka da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta, ya isa Pampaida, a ƙaramar hukumar Ikara ta jihar Kaduna, a 2006. Rahotannin farko sun cika da labarin ci gaba. Amma a 2010 masana tattalin arziki biyu, Michael Clemens da Gabriel Demombynes, suka ɗauki alƙaluman ƙauyukan shirin a Najeriya da Ghana da Kenya suka jera su da na yankunan da shirin bai taɓa shiga ba. Sai ga shi wani ɓangare na ci gaban, kamar yawaitar masu wayar salula, yana faruwa a ko'ina. Wannan ba ya nufin shirin bai tsinana komai ba, sai dai ya bar kansa babu hanyar nuna nasa rabon. Maganin abin tun kafin a kashe kwabo ake yin sa: a auna halin da ake ciki a garuruwan aiki da na kwatanci tare. In kuwa aikin zai isa ko'ina daki-daki, a jefa ƙuri'a a ga wa za a fara da shi. Hakan ya fi adalci, ya kuma rage surutun cewa garin ciyaman aka fifita.

Sai ƙirga abin da aka raba a maimakon abin da ya sauya. "Mun horar da mata kaza, mun raba littattafai kaza." To, sai aka yi yaya? Wani bincike a makarantun firamare na yammacin Kenya ya gano cewa raba littattafan karatu bai ɗaga makin yawancin ɗalibai ba, sai na waɗanda dama suke kan gaba, domin da Turanci aka rubuta su, yara da yawa ba sa iya karantawa. Takardar rabo dai ta cika tsaf.

Akwai kuma rahoton rigakafin da ke cewa an yi wa yara fiye da kashi 100 cikin 100. Sau da yawa yawan yaran da aka yi lissafi da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006, wanda zai iya gaza ainihin yawansu. Irin wannan adadi a bi shi gida-gida a duba katin yaro, ko alamar tawada a ɗan yatsa in na shan inna ne.

Lokacin tambaya ma kan ɓata lissafi. Wanda ya auna ƙarancin abinci a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sannan ya dawo da kaka ya sake aunawa, damina ya auna, ba aikinsa ba. A maimaita awon a watan da aka yi na farko.

Masu tattara bayanai kuwa, kowa ya san wanda ke zama gindin bishiya ya cike fom ashirin shi kaɗai. Manhajojin tattara bayanai ta waya irin su KoboToolbox da ODK suna ajiye wuri da lokacin kowace hira, amma sai an sami mai dubawa. A tura wani daban ya sake ziyartar wasu gidajen. A fassara tambayoyin a rubuce tun daga ofis, kada kowa ya juya su yadda ya ga dama a ƙofar gida. Kuma a ɗauki mata, don ba a aika ƙato ya tambayi matar aure batun haihuwa a cikin gidanta.

Na ƙarshe ya shafi shugabanni. In jami'in bibiya yana ƙarƙashin manajan da yake aunawa, albashinsa kuma ya dogara da a sabunta kwangila, labari mai daɗi kawai za a ji. A ba shi damar kai rahoto sama kai tsaye, a kuma zauna duk wata uku da ma'aikatan fili a kan alƙaluman, kafin a tura wa masu ba da tallafi.