Yadda ake gane zamanin babur ɗin motocross da ido

Idan aka kawo mini tsohon babur na tseren daji aka ce in faɗi shekarunsa, ba na bi ta kan fenti ko robobin jikinsa, domin waɗannan ana canza su kamar riga. Sau ɗaya sabbin robobi suka ruɗe ni na rage wa wani babur shekara goma, tun daga ranar nake fara tsugunawa a bayansa.

Kai ma tsuguna ka ƙirga shakazoba. In ka ga guda biyu gajeru, dama da hagu, kusan a miƙe, to babur ɗin bai wuce tsakiyar shekarun 1970 ba. Tun daga tseren farko da aka yi a Camberley ta Ingila a 1924, mutane babura irin na titi suke cire wa fitila su shiga taɓo da su, kuma ko bayan da aka sa musu shakazoba, tayar baya ba ta lotsawa fiye da inci 4. Yamaha ce ta zo da shakazoba ɗaya doguwa da ke kwance ƙarƙashin tanki, Håkan Andersson na Suwidin ya ci gasar duniya ta 250cc da ita a 1973. Kafin a shiga 1980 lotsawar ta kusa inci 12, shi ya sa baburan lokacin suka yi tsayi kamar raƙumi. In kuwa shakazoba ɗaya ce a tsaye a tsakiya, da 'yan ƙarafan haɗi masu juyawa, ka ce daga 1980 zuwa sama: Kawasaki ta kira nata Uni-Trak, Honda ta ce Pro-Link, Suzuki kuma Full Floater.

Daga nan ka dubi salansa. Mai tumbi, wadda ta kumbura a tsakiya sannan ta tsuke, ta injin mai bugu biyu ce, wanda ake gauraya wa fetur da bakin mai. Irin wannan inji ne ya kori manyan baburan BSA na Ingila masu nauyi, masu injin bugu huɗu, a shekarun 1960, a hannun Husqvarna da CZ da Bultaco, kafin Japan ta shigo: Joël Robert ya ci wa Suzuki kambun duniya a 1970, Honda ta fito da babur ɗinta mai bugu biyu, Elsinore, a 1973. Ni dai har gobe ƙarar mai bugu biyu ta fi mini daɗi, kuma gyaransa ba ya cin rai. Amma salansa siririya, wato ta mai bugu huɗu, kan iya yaudararka, domin ko dai babur ne tsoho tukuf, ko kuma na daga 1998 zuwa sama, shekarar da Yamaha YZ400F ta dawo da mai bugu huɗu fagen tsere.

Abin da zai raba maka gardama shi ne kan inji. Zara-zaran ƙarafa kamar haƙarƙari na nufin iska ke sanyaya shi. Lagireto a gefen tanki kuwa sai daga wajajen 1981, kuma ƙananan 125cc ne suka fara samu. Birki ma haka: diram gaba da baya tsoho ne, faifai a gaba kawai ya fi yawa a tsakiyar shekarun 1980, faifai biyu kuma daga ƙarshensu. Ƙafafun gaba masu kauri a sama, sirara a ƙasa, su ma a ƙarshen shekarun 1980 suka bazu.

Ɗauki maganaɗisu ka manna a firam. In ya ƙi kamawa alminiyam ne, wanda Honda ta fara sayarwa a CR250 ta 1997. In ya kama kada ka yanke hukunci, KTM har yanzu ƙarfe take amfani da shi. Sai ka leƙa bayan silinda: in babu kafireto, sai wayoyi da injekta, babur ɗin bai girmi 2008 ba, shekarar da Suzuki RM-Z450 ta fara zuwa da haka.