Kafin a kwance igiya: yadda ake fita yawon jirgin ruwa a dawo lafiya

Ranar Sallah ko lokacin bikin wasannin ruwa na Rigata, bakin ruwan Yawuri cika yake da baƙi da samari masu son a ɗan zaga da su cikin jirgi. Haka ma kogin Matan Fada idan ana bikin kamun kifi na Argungu. Yawancinsu ba 'yan ruwa ba ne, kuma ba su san cewa galibin abin da ke kifar da jirgi ana iya ganinsa tun jirgin yana ɗaure a gaɓa ba.

Fara da leƙa cikinsa. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsar ruwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a kwashe ruwan tas, kafin fasinja su gama shiga ya sake rufe tafin ƙafa. Bi mahaɗar katakai da ido, musamman inda aka cusa tsumma ko aka buga falle. Danna farce a katakon da ya yi baƙi: idan ya lotsa, ya ruɓe. Ka kuma tabbata akwai abin kwasar ruwa, ko da yankakkiyar jarka ce, da wanda aikinsa ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bokiti goma masu cin lita 20 sun kai nauyin manya uku. Sharrin wannan ruwa ma ya wuce nauyinsa, domin da jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara gaba ɗaya can ɓangaren, ya ƙarasa aikin.

Sai lodi, wanda shi ne uwa uba. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutum fiye da 150 a cikinsa, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya fi ƙarfin tsohon jirgi. Ba sai ka ƙirga kawuna ba. Bayan kowa ya zauna, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. A jirgin inji mai shiga tsakiyar kogi, mu a ganinmu kada ta gaza taƙi biyu. Idan kana zaune yatsunka suna taɓa ruwa ba tare da ka sunkuya ba, an yi yawa. Faɗa cikin ladabi: "Baba, don Allah a rage mutum uku, ma biya kuɗinsu." In ya ƙi, kai ka sauka. Kaya masu nauyi a shimfiɗe su ƙasa a tsakiya, kada a jibge buhuna sama sannan mutane su hau kai. Kowa ya zauna inda matuƙi ya nuna masa. Masu ɗaukar hoto da waya su ne fitinar wannan zamani: mutum ɗaya ya miƙe, huɗu su ruga gefe guda don su fito a hoto, shi ke nan bakin jirgi ya sha ruwa.

Rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, sawa ake yi tun a tudu, ba matashin zama ba ce. Ɗaure duk maɗauranta, ka sa wani ya kama kafaɗun ya ja sama. Idan ta haura kunnuwanka ta yi maka yawa, kuma a ruwa ta kai za ta zame. Wadda sosonta ya murmushe ko ɗinkinta ya farke, a ajiye ta. Ta babba ba ta yi wa yaro. Babbar riga da dogon hijabi suna naɗe hannu da ƙafa idan sun jiƙe, saboda haka a tuɓe babbar riga, a tattare hijabi cikin rigar ruwan. Mai goyo ta sauke shi ta riƙe a cinya. Inda riguna ba su wadata ba, jarka mai lita 25 wadda ba komai a cikinta, an murɗe murfinta tam, an ɗaura mata igiya, tana riƙe babban mutum a kan ruwa, kamar yadda gora ke riƙe masuncin Argungu. Sai dai maneji ne: wanda ya suma ba ya riƙe jarka.

Ga mai jirgin kansa, inji na da nasa sharuɗɗa. Yawancin injinan da ake gauraya wa mai suna cin lita ɗaya ta baƙin mai a lita 50 ta fetur, wato rabin lita a jarka mai 25, amma a bi abin da kamfanin ya rubuta. Ƙarancinsa na ƙona inji, yawansa na toshe fulogi. Da ka tayar, dubi siririn ruwan da injin ke tsartarwa ta baya. Idan ya tsaya, kashe nan take, mai yiwuwa leda ko kainuwa ta toshe inda yake zuƙar ruwan sanyaya kansa. Raba fetur uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana, ka tuna tafiya gaba da ruwa ta fi cin mai. Tafi da fulogi na canji da sifana, filafili biyu, doguwar gora, igiya da tocila. Sigari kusa da jarkar fetur, babu.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, kututtura kuwa suna nan a ƙasa. Daga bazara zuwa farkon damina, lokacin da ruwa ya ja, suna dab da fuska, ga jirgi da gudu. Wannan ne dalilin da baƙo ba ya tuƙi a ruwan Yawuri sai da ɗan gari, Basarke ko Bagunge da ya san hanya. Dorina ma tana nan. In ka hango kunnuwa da hanci, rage wuta ka ba ta fili sosai, kada ka ratsa tsakaninta da ɗanta ko tsakaninta da zurfi.

Hadarin damina daga gabas yake tasowa, iska kuma kan riga ruwan sama isowa. Gabas ta yi baƙi, nufi gaɓa mafi kusa, ba inda ka yi niyya ba. Idan igiyar ruwa ta riske ka, rage gudu ka tare ta da goshin jirgi a ɗan karkace; ba da gefen jirgi ake tare ta ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, don haka a juyo da La'asar sakaliya. A gaya wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a sa waya cikin leda a ɗaure.

Idan jirgi ya kife, riƙe shi muddin yana bisa ruwa; ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa. In ruwa ya ja ka, kwanta rigingine ka bi shi kana karkata zuwa gaɓa, kada ka yi kokawa da shi. Mai ceto ya miƙa gora ko ya jefa jarka da igiya, domin wanda ke nutsewa duk abin da ya cafka dannewa yake yi. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, a bar matsa masa ciki. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska a baki, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ko ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu kan tayar da sarƙewar numfashi bayan wasu awanni.