Yadda za ka mori ƴar Hijet ko Suzuki Carry a matsayin motar hawa kullum

Mutane da yawa in sun ganni ina fitowa daga ƴar ƙaramar motata sai su ce wai wannan ai ta ɗaukar kaya ce ba ta hawa ba. To ni dai da ita nake zuwa shago, da ita nake ɗauko taki, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Amma fa sai ka fahimci abin da aka ƙera ta don shi.

Su Japan suna da wani rukuni na ƙananan motoci da suke kira kei, doka ce ta ƙayyade musu girma. Injin bai wuce cc 660 ba, tsawo mita 3.4, faɗi mita 1.48, lodin da aka yarda ta ɗauka kuma kilo 350 ne. Daihatsu Hijet, Suzuki Carry, Honda Acty, Subaru Sambar, Mitsubishi Minicab duk ƴan gida ɗaya ne. Manoman Japan ne suka fi amfani da su, shiga lungu da tsakanin gonakin shinkafa. Kilo 350 ɗin nan ka riƙe shi da kyau, buhun siminti 7 ke nan cif. Na san za ka ce ai ka ga ana labta mata 15 tana tafiya, eh tana tafiya, amma ka je ka tambayi mai ita sau nawa ya canza kulochi da sifirin a shekara, kuma birkin nan ba a yi shi don tsayar da wannan nauyin ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka kwanta ƙasa ka leƙa cikinta da tocila. Ba wasa nake ba, ka shimfiɗa kwali ka kwanta. A arewacin Japan ana zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe, sai ka ga bodi yana walƙiya an fesa sabon fenti amma shasi ya zama garin tsatsa, ka danna da sukundireba ya burma. In ka ga haka ka bar ta ko da araha ce.

Sai maganar sitiyari. Japan hannun hagu suke bi a titi, don haka sitiyarinsu na dama ne, mu kuma Najeriya tun 1972 aka koma bin dama, shi ya sa ake juya sitiyarin zuwa hagu. Nan ne ake yawan yin aika-aika. Ka duba waldar da aka yi wajen fedar birki da kulochi, ka murɗa sitiyarin har ƙarshe ɓangare biyu ka ji ko yana cijewa ko yana lilo. Ta farko da na saya haka na yi ta fama, tana jan hagu, taya ɗaya na cinyewa kafin ɗaya, ashe mai juyin ne ya yi aikin ganin ido. Ka kuma tabbata takardun kwastan sun cika kuma lambar shasi ta dace da ta takarda.

Injin Hijet da Carry yana ƙarƙashin kujera ne, ka ɗaga kujerar ka ganshi, a watan Afrilu kuwa za ka san yana wurin don ɗumin har jikinka. Saboda ƙarami ne yana aiki da ƙarfi fiye da na babbar mota, don haka kar ka yi wasa da juyen baƙin mai, bai ma da yawa, wajen lita 3 ne. Ruwan lagireto ka duba shi kullum da safe kafin ka tayar. Ka tambayi bakanike injin naka bel yake amfani da shi wajen taimin ko sarƙa, tsofaffin Suzuki masu injin F6A bel ne, masu injin K6A sarƙa, in bel ne ka canza shi da zarar ka saya tunda ba ka san tarihinsa ba. Ni shawarata ka tsaya kan Hijet ko Carry, su ne bakanikai suka saba da su kuma in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka fi saurin dacewa da kayansu. Acty ma Honda ta daina ƙera ta tun 2021.

In mai 4WD ce, wato tsarin da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, ka bar shi a kashe a kan kwalta, sai ka shiga yashi ko taɓo ka sa.

Abin da ya fi damuna shi ne gudu. Motar nan ba ta da hanci, ƙafafunka ne a gaba, tsakaninka da motar gabanka ɗan ƙarfe ne da gilashi. A cikin gari sarauniya ce, lungun da Corolla ba za ta juya ba ita sai ta juya, ga ƙarancin shan mai. Amma a babban titi ka tsaya 70 zuwa 80, ka kama gefenka, tirela in ta wuce ka sai ka ji iska ta ture ka. Kuma don Allah kar ka ɗora yara a bayanta ka hau hanyar Zariya, kujeru biyu gare ta, mutum biyu za ta ɗauka.