Yadda na daina makalewa a sashen karatu na IELTS

Wata biyu ina gwajin sashen karatu na IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, a ɗakinmu a unguwar Nima da ke Accra, maki na bai wuce 24 cikin 40 ba. Aikin nas nake nema a Ingila, kuma mataki na 7 cikin 9 ake so a karatu, wato amsa kusan 30 daidai. Kullum minti 60 ɗin sai ya ƙare ina tsakiyar nassi na uku, wato na ƙarshe.

Na haddace jerin kalmomi, na gwada saurin karatu. Duk a banza.

Yayata Hajiya, malamar makaranta ce a Mamobi, ta duba takarduna ta ce, "Ƙanwata, kalmar tambaya kike nema a nassin, masu jarrabawar kuwa sun sauya ta da wata."

Sai na ja layi tsakiyar kowane shafi a littafin rubutu. Duk tambayar da na faɗi, in rubuta jimlarta a hagu, in nemo jimlar da ke ɗauke da amsar in rubuta a dama, in ja layi ƙarƙashin kalmomin da aka musanya. A nan na gano inda nake zubar da maki: tambayoyin gaskiya, ƙarya, ko ba a ambata ba. In nassi bai faɗi abu ba, sai in zaɓi ƙarya, alhali ƙarya sai nassin ya faɗi akasinsa.

Na saita agogon waya: minti 15, 20, 25 ga nassosin uku bi da bi, don nassi na uku ya fi yi mini wuya. Amsa kuma nan take nake rubutawa a takardar amsa, tunda ba a ƙara lokacin kwafewa a wannan sashen.

Mako uku bayan haka na samu 32. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Yaya da alheri.